Makarantar kuɗi a Damagaram: karatun yana da kyau, amma dukkan nauyin yana wuyan uba

Makarantar da zan yi magana a kanta tana cikin garin Damagaram, ta masu zaman kansu ce, irin wadda ake haɗa Faransanci da Larabci tun daga aji CI har zuwa CM2, wato daga ajin farko zuwa na ƙarshe na firamare. 'Ya'yana biyu suna karatu a can. Ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe duka ana samun su a wasu makarantun kuɗi na garin nan. Hukuncina tun farko shi ne karatun da ake bayarwa ya cancanci a biya shi, amma yadda ake karɓar kuɗin yana buƙatar gyara mai yawa.

Azuzuwan ginin siminti ne masu rufin kwano, kuma duk uban da ya tuna gobarar da ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi cikin watan Nuwamba na 2021, inda yara fiye da 20 suka rasu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaran da ke cikin aji ba su yi yawan da malami zai kasa sanin sunan kowa ba. Idan na buɗe kayen babbar 'yata da dare, wato littafin rubutunta, nakan tarar malaminta ya bi layi bayan layi da jan biro, ya ja layi ƙarƙashin kalmar da ta ɓata, ya rubuta daidai a gefe, sannan ya sa ta sake rubutawa a ƙasan shafin. A ɓangaren Larabci ma haka ne, ƙaramin ya fara haɗa baƙi da wasali cikin shekararsa ta farko, yana kuma fitar da haruffa daga mafitarsu. Malamai suna zuwa a kan lokaci, shekara tana ƙarewa ba tare da an rasa makonni saboda yajin aiki ba. Akwai kuma abin da mutumin Damagaram kaɗai zai gane darajarsa: ko a tsakiyar bazara, lokacin da famfo ke ɗaukewa a unguwanni, randunan makarantar ba sa rabuwa da ruwa.

Kuɗin shekara, wanda ake biya kashi uku, shi ne abin da ake faɗa wa uba ranar da ya je tambaya, sai dai rabin labarin ke nan. Bayan shi akwai kuɗin rajista da ake sabuntawa kowace shekara ko da yaron tsohon ɗalibi ne, da tufafin makaranta da dole a wurinsu za a saya alhali telan unguwa zai ɗinka su da rahusa, da doguwar takardar kayan karatu mai ɗauke da kaye iri-iri, da alli, da biro, da littattafai. Abin da ya fi ɓata mini rai a takardar nan shi ne sauya littafin karatu da ake yi ba tare da wani dalili bayyananne ba, ta yadda ƙane ba zai gaji littafin yayarsa ba. A kan wannan sai a ɗora kuɗin kabu-kabu safe da rana, da darasin yamma da ake cewa na ganin dama ne, amma yaron da bai shiga ba yakan ga an bar shi a baya. Mafi yawan wannan yana faɗowa ne cikin watan Oktoba, daidai lokacin kaka, lokacin da hatsi da wake suka fi araha, saboda haka uban da ya dogara da gona sai ya sayar da amfaninsa a farashi mafi ƙasƙanci don ya biya buƙata mafi tsada. Rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli na 2023 ya ƙara tsananta lamarin, tun da yawancin kayan da ke kasuwanninmu daga Kano ko tashar jirgin ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin suke shigowa a lokacin.

Idan aka waiwayi yadda kakanninmu suka yi karatu a wannan ƙasa, za a ga kayan aikin ɗalibi kaɗan ne ƙwarai. Allo ɗaya na itace yakan yi wa yaro shekaru, ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa. Alƙalami daga gamba ake feƙe shi, tawada kuma a gida ake dafa ta da ƙaro. Abin da ke fita daga hannun iyaye shi ne kuɗin laraba, wanda kowa ke bayarwa gwargwadon ƙarfinsa, da sadaka idan yaro ya kai wani matsayi a cikin izu sittin, sai dabbar da ake yankawa ranar sauka. Malami yana da gona, almajirai suna taya shi noma da damina, gidajen unguwa kuma suna ɗaukar cin waɗanda suka zo daga nesa. Wanda ya so zurfafa hadda sai ya nufi gabas, wato Barno, ƙasar da Damagaram ta daɗe tana bi, inda sarakuna ke rubuta wa manyan malamai takardar mahram mai ɗauke musu haraji da aikin sarki domin su zauna su karantar.

Wannan tsari bai tsaya a ƙasarmu ba. Tun cikin ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu wajen gina makaranta a Alƙahira domin ɗalibai da mahajjatansu, kuma a Azhar an ware wa ɗaliban Barno masauki na musamman. A Bagadaza, makarantar Nizamiyya da waziri Nizamul Mulki ya buɗe a 1067, wadda Imamu Gazali ya karantar a cikinta, da dukiyar waƙafi take biyan malamai tana kuma ciyar da ɗalibai.

Duk da haka ba na cikin masu cewa karatun zamanin kakanninmu kyauta ne. Littafi da hannu ake kwafarsa, takarda kuma ta hamada take ƙetarowa, har matafiyin nan Hasanul Wazzan, wanda ya ga Tumbutu a farkon ƙarni na 16, ya rubuta cewa ribar littattafai a can ta fi ta kowace haja. Wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga Ahalari da Iziyya da Risala yakan yi shekaru yana yawo tsakanin zaurukan malamai, nesa da iyayensa, cikin yunwa da sanyi, 'ya'ya mata kuwa kaɗan ne ke kaiwa wannan matsayi. An biya tsada, sai dai da lokaci da ƙarfin jiki aka biya ta, kuma an raba ta tsakanin iyaye da maƙwabta da attajirai da sarki. Yau an mai da ita tsabar kuɗi, an sa mata wa'adi, an aza ta a kan mutum ɗaya. Ƙananan almajiran da muke gani da robobi a bakin tasha da kasuwa su ne shaidar abin da ke faruwa da tsohon tsarin idan jama'a suka janye hannunsu daga gare shi.

A nan ne babban aibin makarantar 'ya'yana yake. Idan wa'adin kashi na biyu ya wuce, akan tsayar da yara a bakin ƙofa da safe, wani ma'aikaci ya riƙe takarda yana kiran sunaye, wanda aka kira ya koma gida. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta juya da jakarta a baya, tana goge ido da bakin hijabinta, 'yan ajinsu suna kallonta ta cikin ƙofa, alhali mai kabu-kabun da ya kawo ta ya riga ya tafi. A makarantar allo abin kunya ne malami ya kori yaro saboda kuɗin laraba, kuma makarantar da ke koyar da hadisi da tarbiyya ita ta fi cancanta ta riƙe wannan kunyar.

Na sami shugaban makarantar na faɗa masa haka. Ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce: "Malam, ku yi haƙuri, albashin malamai da kuɗin haya da na wuta ba sa jiran kowa, kuma idan muka yi shiru wasu iyayen sai ƙarshen shekara za mu gan su." Na yarda da gaskiyarsa, domin malamin da ke bin kayen 'yata da jan biro shi ma yana da iyali, kuma bai kamata a ce ya koyar da yunwa ba. Sai dai bashin na uba ne, saboda haka uban ya kamata a kira ta waya ko a aika masa takarda a rufe. Makarantar za ta iya yarda a riƙa biya wata-wata, ta bar littafi ɗaya ya yi shekaru kafin a sauya shi, ta ba iyaye samfurin tufafi su kai wa telansu. Za ta kuma iya buɗe asusu na marayu da masu ƙaramin ƙarfi ta gayyaci attajiran unguwannin Zango da Birni su zuba zakka da waƙafi a ciki, tun da garin nan bai rasa masu gina masallatai ba, kuma ɗaukar nauyin karatun yaro yana cikin sadaka mai gudana.

Ga mai albashi tsayayye ko ɗan kasuwar da ke da yaro ɗaya ko biyu, ina ba da shawarar wannan makaranta ba tare da shakka ba, kuma nawa 'ya'yan za su ci gaba da zuwa in Allah ya yarda. Wanda abincinsa ke gona, ko mai 'ya'ya da yawa, ya nemi a rubuta masa dukkan abin da zai biya daga Oktoba zuwa Yuni, har da tufafi da littattafai da darasin yamma, ya kuma tambayi abin da ake yi wa yaro idan biya ya yi jinkiri, kafin ya sa hannu a takardar rajista.