Dogo Onsen Honkan: ruwan ya yi, amma a je da sassafe

Wannan gidan wanka yana birnin Matsuyama a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, ginin katako ne tun 1894, an kammala gyaransa a 2024. Daga tashar ƙarshe ta jirgin cikin gari tafiyar minti biyar ce da ƙafa. Ana buɗewa da ƙarfe 6 na safe da bugun ganga, kuma lokacin ne ya fi daɗi. Da yamma cunkoso ake yi, sai ka bi layi.

Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, zafinsa wajen digiri 42, yana da santsi a jiki kamar an zuba ɗan sabulu. Kwamin dutsen yana da zurfi, don haka a shiga a hankali. Minti biyar ya isa a karon farko. Wanda ya daɗe ya miƙe da sauri, jiri zai ɗebe shi, saboda zafi yana rage matsin jini a jijiyoyi. A sha ruwa tukuna.

Ka ajiye takalmi a akwatin ƙofa, ka zauna kan 'yar kujera ka cuɗa jiki ka ɗauraye sarai kafin ka shiga. Tawul ba ya taɓa ruwan, a ka ake ɗora shi.

Maza daban, mata daban, amma tsirara ake wankan. Wanda hakan bai yi masa ba ya nufi Asuka no Yu, wani gidan wanka da ke kusa, akwai ɗakin keɓe da ake shiga ruwa da rigar wanka, kuɗinsa dai ya fi yawa.