Wata takwas da sabon lagireto da kular man giya a tsohuwar akori-kurata

Tun watan Afrilu nake cewa zan rubuta wannan abu amma na ce bari dai in bari a ci damina a shiga kaka, motar ta sha lodi sosai tukunna, don kar in yabi kaya yau gobe in dawo ina cizon yatsa. To yanzu wata takwas kenan, ina ga na isa in yi magana.

Motar Hilux ce ƙirar 2006, mai injin fetur 2.7, giyar otomatik. Hannu na uku na saye ta, kuma aikinta ɗaya ne, ɗaukar buhuna daga kasuwannin ƙauye zuwa kasuwar Dawanau a Kano, in lokacin tumatir ya zo kuma mu gangara wajen Kadawa da Kwanar Gafan. Tun farko in faɗa, ni ban ga laifin motar ba. Mota mai shekara kusan ashirin da ake ɗora wa buhu 14 wani lokacin 15 alhali goma ne daidai ƙarfinta, in ta yi tari ai ba ita za a tuhuma ba. Laifin nawa ne da na wani bakanike da ba zan kama sunansa ba, da kuma son araha.

Abin ya faro ne da ɗigo. Lagireton da na same ta da shi ya tsage a saman nan na roba, muka shafa gam ya riƙe sati biyu ya sake, wani direba ma ya ce in fasa ɗanyen ƙwai in zuba a ciki wai yana toshe ƙofa, Allah ya taimake ni ban yi ba. Ƙarshe na je wani shago na ce a ba ni mai sauƙin kuɗi, aka miƙo min wani siriri mara nauyi, da hannu ɗaya na ɗaga shi kamar faranti. Bakaniken ya ɗaura, kuma a wannan ranar ya cire min tamostat, ɗan abin nan da ke tsare ruwa har sai injin ya ɗumama, ya jefa a kwandon shara, ya ce Alhaji wannan na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan ba ma buƙatarsa. Na ce to. Ruwa kuwa duk wanda ya samu shi nake zubawa, na rijiya, na burtsatse, fiya wata in muna hanya. Kulan, wato ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa, ban taɓa saya ba, ina ganin ɓarnar kuɗi ce.

Kusan shekara ɗaya da rabi muna haka. Allurar zafin injin tana hawa in an shiga go-sulo ko an ɗauko lodi da rana tsaka, sai in tsaya a gefen titi yaron mota ya yi ta kwara wa lagireto ruwa ta waje, mu ci gaba. Na saba har na daina ɗaukarsa a matsayin matsala.

Ranar da abin ya fashe muna dawowa ne ta hanyar Zariya cikin zafin Afrilu, irin ranar da kwalta ke rawa a ido. Na taka mai sai injin ya yi gurnani amma motar ba ta ƙara gudu ba, kamar wanda ke gudu a cikin yashi. Na saki na sake takawa, sai ta yi wata irin zabura ta shiga giya da ƙarfi har buhuna suka motsa a baya. Allura kuma ta wuce rabi tana neman ja. Na sauka gefe na kashe. Yaron ya zo zai buɗe murfin lagireto na daka masa tsawa, don na taɓa ganin wanda tururi ya saluɓe wa fatar hannu, mun zauna ƙarƙashin wata darbejiya sama da rabin awa kafin ya huce. Da na buɗe murfin da tsumma, abin da na gani a wuyan lagireton ba ruwa ba ne, wani abu ne mai kauri mai maiƙo. Na zaro sandar gwajin man giya, maimakon ja garau da na sani sai ga shi ya koma kamar an dama madara da zoɓo, har da ƴar kumfa a bakin sandar. Yaron ya leƙo ya ce oga wannan kuma mene ne, na ce wallahi nima ban sani ba amma ba alheri ba ne.

Janwe muka nema, kuma wannan shawarar ita ce ta ceci giyabos ɗin, haka dattijon da ya gyara ta ya faɗa min daga baya. Shi ne ya zaunar da ni ya yi min bayanin abin da shekara da shekaru ina tuƙi ban sani ba. A mota mai otomatik, man giya ba ya zama a giyabos kawai, akwai siraran bututu biyu da ke kai shi cikin tankin ƙasa na lagireto, ya ratsa ta wani ɗan bututu da ruwa ke kewaye da shi, ya huce, ya koma. Wato ruwan injin da man giya maƙwabta ne, bango ɗaya siriri ya raba su. In ruwan ya yi zafi fiye da kima man giya ma ba zai huce ba, in kuma tsatsa ta ci bangon nan ko aikin tun asali ba mai kyau ba ne, sai su gauraya. Ya ce faifan kulocin da ke cikin giyar otomatik wata irin takarda ce aka manne a jikin ƙarfe, ruwa kuwa yana saki mannin ya sa ta ɓare, shi ya sa in ka ci gaba da tafiya da gauraye, kwana kaɗan sai sauke giyabos. Ya nuna min cikin tsohon lagireton da ya yanka, ramukan duk sun toshe da wani farin dutse-dutse da jar tsatsa, ya ce ɗana wannan ruwan rijiyarka ne, irin abin da kake gani a gindin butar shayi.

To ga abin da aka sa min, wanda shi ne asalin abin da nake son yin sharhi a kai. Mun shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa tare da shi, ya zaɓi lagireto mai kauri, kuɗinsa ya kusa ninka na wancan siririn sau biyu, da sabon murfi mai lamba 1.1, da tamostat mai buɗewa a digiri 82, da kulan, sai kuma wata ƴar kula ta daban ta man giya, kamar ƙaramin lagireto, faɗinta bai fi littafin makaranta ba. Ita aka ɗaura a gaba inda iska ke bugawa, aka zare man giya daga lagireto gaba ɗaya aka bi da shi ta cikinta. Ya ce wasu suna haɗa biyun, man ya bi ta lagireto sannan ya bi ta kula, kuma hakan ma daidai ne, amma ni na ce Baba wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, a raba su kawai.

Maganar murfi ta ba ni mamaki, ɗan abu mafi araha a cikin kayan. Ashe aikinsa riƙe matsi ne, ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma in murfi ya riƙe matsin nan sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Nawa tsohon robarsa ta tsattsage, ba ya riƙe komai, shi ya sa nake ta ƙara ruwa kullum ina neman inda yake ɗiga ban gani ba.

Wankin giyabos shi ne ya fi cin rai da aljihu. In ka kwance ƙusar ƙasa ba duka man ke fita ba, mafi yawansa yana maƙale a cikin kwanbata, wato tukunyar nan da ke tsakanin injin da giyabos, da sauran lunguna, don haka sai an zubar an zuba sabo an tayar an zaga an sake zubarwa. Sau huɗu muka yi kafin jan ya dawo yadda yake, aka kwance kaskon ƙasa aka wanke aka canja matatar. Kuɗin man kaɗai ya fi kuɗin da na ce na tsira da shi lokacin da na sayi lagireton araha, wannan lissafin har yanzu yana min ciwo in na tuna.

Yanzu sakamako. Gaskiya allura ta zauna. Tana hawa zuwa ɗan ƙasa da rabi ta tsaya nan, ko a zafin Mayu da muka fara gwadawa, ko a cunkoson shiga Dawanau ranar da manyan motoci suka toshe hanya. Ruwa tun da aka zuba sau ɗaya na ƙara, shi ma ɗan kaɗan a robar gefe. Abin da ban zata ba shi ne fetur, shan mai ya ragu har na lura, Baban ya ce dama injin da ba shi da tamostat ba ya kai zafin da ya kamata da wuri, sai kwamfutar motar ta yi ta ba shi mai da yawa tana zaton har yanzu da sanyi. Wato shekara ɗaya da rabi ina biyan kuɗin shawarar wancan mutumin a gidan mai.

Amma kular nan ba wai ba ta da nata ba. Sati na farko na tashi da safe na ga jan ɗigo a ƙasa, gabana ya faɗi, ashe kilif ɗin tiyo ne bai ɗauru ba, an canja shi da mai ƙusa an huta. Duk wanda zai sa, ya tsaya a kai ya ga irin tiyon da aka yi amfani da shi, dole ya zama na mai ne mai jure zafi, ba tiyon ruwa ba, kuma kar ya goga a jikin ƙarfe. Na biyu, yanzu da hunturu ya shigo, da asuba giyar tana ɗan nauyi, tana jinkirin canjawa na mintuna kaɗan har man ya ɗumama, tunda ba ruwan injin da zai ɗumama shi kamar da. Ina barinta a kunne a tsaye ta ɗan yi salo kafin in tashi, ba wani abu ba ne amma gara mutum ya sani. Na uku ƙura, ramukanta ƙanana ne, ƙaiƙayi da ƙurar kasuwa suna cika su, duk sati biyu sai na sa an busa mata iska daga baya, ita da lagireton.

Giyabos ɗin kansa bai dawo sabo ba, kar in yi ƙarya. In na sa ribas da sanyin safiya yana ɗan tunani kamar daƙiƙa biyu kafin ya kama, kuma Baban bai ɓoye min ba, ya ce ruwa ya riga ya taɓa faifan, zai iya kai ni shekaru zai iya kuma gajiya a kowane lokaci. Na rage lodi zuwa buhu 11 ko 12, in na zo hawa da kaya ina sauke ta daga D zuwa giyar ƙasa don kar ta yi ta farautar giya tana dafa mai, kuma duk Juma'a bayan na dawo, injin na kunne giya a P a wuri mai daidai, ina zaro sandar in goga a farar takarda in duba launi in shinshina. Har yau ja ne, ba ƙauri.

In ka tambaye ni, lagireto mai kauri da murfi da tamostat zan sake saye ba tare da na yi ciniki mai tsawo ba. Kular man giya kuwa ga mai ɗaukar kaya irina ta cancanci kuɗinta, amma wanda motarsa daga gida sai ofis ba dole ba ne, lagireto mai kyau da kulan sun ishe shi. Saura fankar injin, Baban ya juya ta da hannu wancan satin ya ce ta fara saki, man cikin kulocinta ya kusa ƙarewa, wasu na cewa a ɗaure ta kai tsaye da ƙusa amma shi ya ƙi, ya ce ƙara da shan mai za su dame ni. Na ce a bari in gama jigilar waken nan, kafin zafin Maris ya shigo za mu koma Ƙofar Ruwa.