Injin naɗe zaren fatsa: 6.3:1 ko 8.2:1?

Injinan kamfanin Shimano, SLX 150 da 150XG, kamar an tsaga kara, amma masuntan kifin bass a Amurka ba sa ba su aiki ɗaya. Murza hannun na farko sau ɗaya, ƙwaryar zaren ta juya sau 6.3. Wannan nawar ce kifin roba mai nutsewa ƙasa, wanda ake yaudarar bass da shi, yake so: ya tafi a hankali yana karkaɗa jiki, hannunka bai gaji ba ko ka wuni kana jifa.

XG kuwa 8.2 ne. Da tsutsar roba, bass kan ɗauka ya nufo jirgi, zare ya saki. Dole ka tattare shi nan take kafin ka fizga don ƙugiya ta kama kifin. Ni dai in ɗaya zan saya, XG zan ɗauka, don rage gudu ya fi ƙara shi sauƙi.