Kuɗin Ajiyar Ɗan Haya: A Miƙa Wa Ɗan Kwangila Ko Mai Gida Ya Tsaya Da Kansa?

Idan ɗan haya ya tashi a Agege ko Idi-Araba ya bar bango da dauɗa, famfo yana ɗiga, mai gida yana da hanya biyu ta gyara da kuɗin ajiyar da ya karɓa tun ranar shiga.

Ta farko ita ce ya damƙa wa ɗan kwangila aikin gaba ɗaya. Tana da sauƙi, musamman ga wanda kasuwa ba ta barinsa ya motsa, amma na ga yadda takan ƙare: a karɓi rabin kuɗi, a shafa fenti a ɗaki ɗaya, a bar bokiti da buroshi a tsakar gida, wayar kuma ta daina shiga. Kuɗin da ya salwanta amanar ɗan haya ce, kuma mai gida ba shi da takardar da zai nuna masa.

Ta biyu tana cin lokaci, domin mai gida ne zai sayo fenti da siminti, ya riƙe rasit, ya biya mai fenti da mai gyaran famfo bayan ya duba aikinsu. Ita na fi amincewa da ita. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta a ba ɗan haya rasit na daban kan kuɗin ajiya, ta kuma ba shi haƙƙin samun rubutaccen bayanin yadda aka kashe su aƙalla duk wata shida. Wanda ya tara rasit ɗinsa zai zauna da tsohon ɗan hayarsa su yi lissafi, ya mayar masa da ragowar.