Matar da ta yi mana girkin arba'in ɗin Kaka a Aboabo ta Kumasi

Mako uku ke nan da yin addu'ar arba'in ɗin kakarmu, har yau mutane na tare ni a hanya suna tambayar wa ya dafa abincin. Wata Hajiya ce daga unguwar Asawase a nan Kumasi, ƙasar Ghana, mai karɓar girkin biki da suna da sadaka. Ga yadda muka ƙare da ita, don wanda irin wannan hidima za ta hau kansa.

Zaɓen mai girki ya ba mu wuya, saboda ko wace ce Kaka. Allah ya jiƙanta, ta fi shekara arba'in tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, a bakin titi kusa da tasha. Ƙarfe uku na dare take hura wuta, kafin kiran asuba tukunya ta nuna. Da tukunyar nan ta aurar da 'ya'ya mata huɗu, ta biya wa mahaifina makaranta, ta yi ta zubin adashi har ta sauke farali. A yunwar 1983, da fari da gobarar daji suka cinye gonaki, Goggo ta ce abin da Kaka ta samu shi take dafawa, kuma almajiri bai taɓa barin wurinta da kwano wayam ba. Ko da aka canza kuɗin ƙasar a 2007, sabon sidi ɗaya "dubu goma" ne a bakinta har ta koma ga Mahaliccinta. Rabin waɗanda za su zo addu'ar da abincinta suka girma. Ta yaya za mu ajiye musu jar shinkafa mara ɗanɗano mu ce sadakarta ce?

Abin da ya fara kwantar mini da hankali, Hajiya ba ta yi maganar kuɗi a waya ba. Takowa ta yi har gida, ta yi mana gaisuwa, ta zauna kan tabarma gaban Goggo ta ce, "Goggo, marigayiya olonka (gwangwanin awo) nawa na wake take sa wa shinkafarta? Kanwa tun farko take jefawa ko sai wake ya fara laushi?" Sun kai awa guda a kan wannan. Da ta ji tukunyar Kaka na nan a bayan ɗaki, ta roƙa a fito da ita, a ciki za ta dafa. Cefane kuwa da ƙanwata suka shiga kasuwar Kejetia, suka dawo da lissafi a rubuce da canji.

A ƙofar gida ta yi girkin, da itace. Na fito wajen ƙarfe huɗu na same ta tana wanke karan dafi, ta tafasa shi da waken har ruwan ya koma ja kamar zoɓo, ta jefa ɗan ƙullin kanwa da bai kai kan yatsa ba, sannan ta tsame karan tas kafin shinkafa ta sha wuta. Masu gaggawa kanwa suke zambaɗawa don wake ya faɗa da wuri, sai ka ji ɗaci a maƙogwaro. Nata bai yi ba. Ƙwayar shinkafa a warware, wake ya yi laushi bai fashe ba. Shito, wato soyayyen barkonon da ake ci da shi, tun ana gobe addu'a da yamma ta soya shi a wuta kaɗan-kaɗan, da busasshen kifi da citta, tana juyawa har ya yi baƙi bai ƙone ba. Ga taliya, ga garin rogo da aka murza da mai, ga ganda da ƙwai. Wani tsohon direba da ya daɗe yana cin abincin Kaka ya kai loma biyu, ya ajiye ganyen da aka ƙunsa masa abincin, ya rufe fuska da hularsa. Ni ma ban iya tsayawa a wurin ba.

Akwai inda ta gaza. Masa ba ita ta toya ba, wata ta ba wa aikin ba tare da ta sanar da mu ba, kuma ba ta iso ba sai da malamai suka shafa fatiha suka fara watsewa. Dole muka bi su da ita gida-gida. Ganyen ƙunshi ma ya ƙare, baƙin da suka zo bayan azahar a roba suka samu nasu. Ta ba da haƙuri, ta cire kuɗin masar da kanta ba mu tambaya ba.

Kuɗinta ya ɗan ɗara na wasu biyu da muka taya, rabi ta MoMo (tura kuɗi ta waya) kafin aiki, rabi bayan an gama. Ni dai ban ga tsadarsa ba. Wanda zai ɗauke ta ya sanar da ita da mako biyu, ya ƙara kan yawan mutanen da yake zato, masa kuma ya nemi tasa daban.

Da la'asar ta kankare ƙanzon gindin tukunya, ta zuba a ɗan kwano ta miƙa wa Goggo, don ta ji an ce Kaka jikoki take ajiye wa shi. Ta wanke tukunyar da toka, ta kife ta a bayan ɗaki inda ta same ta. Mu tara muka zagaye kwanon nan muka cinye ƙanzon.