Shagon ɗinki na Idi-Araba da ke yi wa matan da aka cire wa mama hidima

Matar da aka yi wa tiyatar sankarar mama takan bar asibiti da takardar magani da ranar komawa ganin likita, amma ba kasafai ake gaya mata abin da za ta sa a jikinta ba idan ta tashi zuwa biki ko kasuwa ko wurin aiki. Ni ma an cire mini mama na hagu, na sha kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, an yi mini gashi, wato ƙona wurin ciwon da hasken na'ura, kuma har yanzu ina kan ƙwayar tamoxifen da ake sha shekara 5 zuwa 10. Neman rigar mama da za ta zauna mini daidai ne ya kai ni wani ƙaramin shagon ɗinki a Idi-Araba, wanda mai shi, da muke kira Hajiya, ita ma ta yi wannan ciwo Allah ya tashi kafaɗunta.

Wurin da shagon yake ya dace da aikinsa. Idi-Araba tsohuwar unguwar Hausawa ce a Legas, kuma a nan asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yake, wanda kowa ya fi sani da LUTH, inda aka buɗe cibiyar kula da masu sankara ta haɗin gwiwa da hukumar zuba jari ta gwamnatin Najeriya, wato NSIA, a watan Fabrairun 2019. Saboda haka mata daga Agege da Mile 12 da Alaba Rago, da waɗanda suka taso daga Arewa suka sauka a gidajen dangi, duk ta nan suke bi, kuma da yawansu sukan ratse shagon bayan sun fito daga layin ganin likita.

Babban abin da ake zuwa saye shi ne rigar mama mai aljihu daga ciki, tare da abin cikon da ake sakawa a gurbin maman da aka cire. Hajiya ba ta sayar da ɗinkakkiya a kan kantar shago, sai ta gwada mace tukuna. Ta kan ja labule, ta sa ki tsaya a gaban madubi, ta auna ƙirji daga ƙasa, sannan ta dubi inda tabon ɗinki ya bi, domin ta kauce masa da bakin rigar. A nawa jikin tabon ya miƙe har cikin hammata, inda aka cire kaluluwa, don haka ta saukar da hannun rigar ƙasa kaɗan, ta faɗaɗa maɗaurin kafaɗa, ta mayar da ƙugiya gaba, saboda a watannin farko hannuna ba ya kai wa baya. Tana awon tana cewa, "Ƙanwata, ɗaga hannun iya inda ba ya miki zafi, kada ki tilasta shi." Ba ta taɓa sa ƙarfe a ƙasan rigar ba, kuma yadin da take amfani da shi na auduga ne zalla, wanda ke da muhimmanci ƙwarai ga fatar da gashi ya ƙona.

Abin cikon iri biyu ne. Akwai mai sauƙi da take ɗinkawa da hannu ta cusa masa auduga, wanda ya fi dacewa da makonnin farko bayan tiyata, akwai kuma na silikon da ake shigowa da shi daga waje, wanda take karɓar oda a kansa, kuma ba ta bayar da shi sai ciwon ya warke sarai, kamar mako 6 zuwa 8 bayan aiki. Na gwada duka biyun. Na silikon ya fi kama da jiki wajen nauyi da motsi, yana kuma hana kafaɗa karkata ɓangare guda, amma a zafin Legas, musamman idan mutum na cikin danfo cunkoso ya tsayar da shi a Oshodi, gumi yakan taru a ƙarƙashinsa har fata ta fara ƙaiƙayi. Na audugar ba ya zafi, kuɗinsa kuma bai kai ko kusa da na silikon ba, sai dai yakan haura sama idan an yi ruku'u da sujada. Da na kai ƙorafi, Hajiya ta ƙara masa ɗan maɓalli da ke riƙe shi da aljihun, matsalar ta ragu sosai, ko da yake audugar takan dunƙule bayan wanki da yawa, sai an koma an sake cusa sabuwa. Tana kuma ɗinka huluna masu laushi da ake sawa ƙarƙashin ɗankwali ko hijabi lokacin da kemo ya zubar da gashin kai, kuma ba ni da abin cewa a kansu sai yabo.

Abin da ya sa na ɗauki shagon da daraja fiye da ɗinkinsa shi ne asusun da ke cikinsa. Daga duk abin da aka sayar, Hajiya takan ware wani kaso ta zuba a asusun taimakon marasa lafiya, kuma da yake da ruwan ciki ake jan na rijiya, ganin tana sa nata ya sa 'yan kasuwa da matan Islamiyya da mu da muka warke muka fara kawo namu, wasu duk wata, wasu a watan Azumi, wasu a Oktoba da duniya ta keɓe don wayar da kai kan wannan ciwo. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna cewa mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a waccan shekarar, fiye da 16,000 kuma suka rasu, kuma sanannen abu ne cewa akasari sukan isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa. Asusun shago ba zai iya sayen allurar trastuzumab da ake yi wa wasu duk mako uku har tsawon shekara guda ba, kuma Hajiya ba ta yi wa kowa alkawarin hakan. Abin da yake ɗauka shi ne ƙananan kuɗaɗen da kan sa mace ta yanke magani a tsakiya: gwajin jinin da ake bukata kafin kowane zagayen kemo, kuɗin gwajin tsoka ga wadda ta ji ƙullutu take jin tsoron kuɗin, da kuɗin mota ga mai zuwa gashi kwana biyar a mako.

Yadda ake tafiyar da kuɗin ya kwanta mini. Akwai littafi a kan tebur da ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna rasit a gefe, kuma duk wanda ya ba da gudummawa yana da damar buɗe shi. Ba a rubuta sunan maras lafiya, sai lamba. Ba a kuma ɗaukar hoton ciwon kowa a watsa a Facebook don a jawo tausayi, abin da ya zama ruwan dare a neman taimako, kuma yake sa mata da yawa gwammace su ɓoye ciwonsu a ɗaki da a tona musu asiri. Mace mai aure da 'ya'ya da surukai tana da mutuncin da ya kamata a kare ko da tana neman agaji, kuma a nan an kare shi.

Akwai abubuwan da suke bukatar gyara. Littafin a shagon kaɗai yake, don haka mai turo kuɗi daga Kano ko Zariya ba shi da hanyar ganin inda suka shiga, kuma ya kamata a riƙa tura wa masu bayarwa taƙaitaccen lissafi duk wata ta WhatsApp. Kuɗin yana shiga ne ta asusun bankin mutum ɗaya, wanda ba tsari ba ne mai ɗorewa komai amanar mai shi, kuma na faɗa wa Hajiya haka baki da baki, ta ce suna shirin buɗe asusu mai sa hannun mutum uku. Ɗinki kuma yana jinkiri, domin keke biyu ne kawai, kuma gab da Sallah aikin yara da na biki yakan danne na marasa lafiya. Labulen gwajin ma bai isa ba, tun da ana jin maganar da ake yi a bayansa.

Wadda za ta je gara ta je da safe a tsakiyar mako, ta riƙe rigar da ta fi yawan sawa domin a gwada cikon a ƙarƙashinta, ta kuma gaya wa Hajiya idan hannunta ya fara kumbura, domin a sassauta ɗinkin hammata. Wadda aka sa wa ranar tiyata tana iya zuwa a auna ta tun kafin aikin, ta yadda rigar da cikon audugar za su kasance a shirye ranar da aka sallame ta.