Kalmar sirrin Microsoft Access: abin da na gani cikin shekara biyu

Shekara biyu ke nan ina riƙe da bayanan ma'aikatan ofishinmu a cikin Microsoft Access, manhajar adana bayanai cikin tebura: sunaye, lambobin waya, ranakun hutu da albashi. Mu huɗu muke shiga fayil ɗin, amma albashi ni da shugabarmu kaɗai ya kamata mu gani. A kan wannan buƙatar zan auna manhajar, don wajen tsara tebura da fitar da rahoto ba ni da ƙorafi.

Tsohon fayil na gada, mai ƙarewa da .mdb, da kalmar sirri a kansa. Na ɗauka ƙofa a kulle take, sai daga baya na fahimci cewa a wannan tsohon tsarin kalmar tana zaune ne a farkon fayil ɗin, an ɗan rikirkita ta kawai, kuma akwai ƙananan manhajojin da ke tono ta cikin daƙiƙoƙi. Nan take na mayar da shi .accdb, tsarin da ya zo da Access 2007. A nan dole in yaba. Kalmar sirri a sabon tsarin tana rikiɗa bayanan gaba ɗaya, ta yadda wanda ya sace fayil ɗin ba zai karanta komai ba in dai kalmar doguwa ce mai wuyar kintata. Sai dai ba za ka iya sa ta ba sai ka buɗe fayil ɗin ta zaɓin Open Exclusive, wato kai kaɗai ke ciki. Rabin sa'a na ɓata kafin in gano haka. Kuma in ka manta ta, sai haƙuri, babu mai dawo maka da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar sirrin ɗaya ce ga kowa. Tsohon .mdb yana da hanyar ware wa kowane mutum izininsa ta wani fayil mai ƙarewa da .mdw, amma .accdb ba ya ɗauke da wannan. Duk wanda ka ba mabuɗi, gidan gaba ɗaya ka ba shi.

Sai na ce bari in yi dabara. Na ƙera shafin shiga da VBA, yaren rubuta umarni na cikin Access, kowa da sunansa da lambarsa, na ɓoye jerin tebura, ina ta jin kaina gwani. Wata safiya abokiyar aikina ta danne maɓallin Shift tana buɗe fayil ɗin, ba da wani mugun nufi ba, haka ta saba a inda ta taɓa aiki. Shafin shigana bai ma fito ba, sai ga tebura reras, har da na albashi. Ta ce, "Malam, wannan fa a buɗe yake." Kunya kamar in nutse. Laifina ne, don ana iya toshe wannan hanya ta Shift da wani saiti mai suna AllowBypassKey, kuma na toshe a ranar. Amma ko da haka, wanda ya san kalmar sirrin fayil zai iya buɗe sabon fayil na Access ko na Excel ya jawo teburan kai tsaye, bai bi ta shafinka ba. Mayar da fayil zuwa .accde ma yana kare rubutun VBA da fasalin fom (shafukan shigar da bayanai) ne kawai, tebura suna nan yadda suke.

Na gwada raba fayil ɗin biyu, tebura a babbar kwamfuta, fom a kwamfutar kowa. Aiki ya fi tafiya, amma kalmar sirrin ɓangaren tebura tana ajiye a fili cikin bayanin haɗin da ke ɓangaren fom, a wani ɓoyayyen tebur na Access mai suna MSysObjects. Ga kuma maganar folda: Access yana ƙirƙirar ɗan fayil mai ƙarewa da .laccdb duk lokacin da aka buɗe, saboda haka kowa na buƙatar izinin rubutu a foldar. Wanda ke iya shiga nan, zai iya kwafe fayil ɗin a filashi ya tafi da shi.

Abin da ya fisshe ni mai sauƙi ne. Na cire albashi zuwa fayil na daban mai kalmar sirri ta daban, a foldar da Windows ke buɗe wa mutum biyu kacal, sannan na kunna BitLocker, mai rikiɗa duk bayanan da ke kan faifai, a kwamfutata ta hannu saboda sata. In mutum ɗaya ne ke aiki da bayanansa, ko ƴan kaɗan da kowa ya halatta ya ga komai, Access ya wadatar, kuma zan ba da shawararsa. Mu dai tunda za mu ɗauki ƙarin ma'aikata, na fara kwashe teburan zuwa SQL Server Express, manhajar Microsoft ta adana bayanai a kan saba, inda sabar ce da kanta ke tantance wa zai ga wane tebur. Fom ɗin Access zan bar su a gaba, don kowa ya saba da su.